Gwiwarta da Kafaɗata

'Ya'yan Inna Mai Ƙarfe sun ce za su haɗa ɗan littafi na tunawa da uwarsu, kowa ya rubuto abin da ya sani na alheri. Suka aiko mini da takarda biyu da sabon biro. Shekara sittin da 'yan kai muna zaune gefe da gefe a bakin tafkin nan ni da ita, gari bai taɓa wayewa ba mu zagi juna ba, a ce wai in zuba ta a takarda biyu. Na sa an ƙaro mini. In sun ga dama su buga, in ba su ga dama ba su hura wuta da shi, ni dai na sauke.

Kuma ba don ita nake rubutun nan ba. Ita ta tafi, Allah ya jiƙanta, ya yafe mata abin da ni ban yafe ba. Ɗa guda ya rage mini a duniya, autana, yanzu har da furfurarsa da 'ya'yansa biyar, kuma kullum yana kan ruwa. Shi da duk masuntan garin nan ba sa tura jirgi sai sun ji abin da ƙarfen Inna ya ce. Dole a san me ke bayan ƙarfen nan, tun tafkin bai sake cin wani nawa ba.

Wanda bai san garinmu ba, bari in gaya masa. Tafkinmu munafuki ne. Da safe za ka same shi kwance lumui, ko ganye ba ya motsi. Amma a watannin farkon ruwan sama akwai wata iska da ke zuwa daga bayan duwatsu da tsakar rana, ba hadari, ba gargaɗi. Kafin ka gan ta, ta riga ta shiga jirgin ta zauna kusa da kai. To, a inda jirage ke tsayawa akwai wata tsohuwar bishiya, an rataye mata ƙarfen tayar babbar mota da sarƙa. In an buga shi sau uku da safe, ba mai fita ranar. In ya yi shiru, kowa ya kama filafilinsa. Fiye da shekara hamsin, Inna ce ke cewa a buga ko a bari. Daga nan sunan ya samo asali.

Daga tsallaken tafki aka kawo ta, siririya, doguwa, murya kamar ana jan kwanon rufi a ƙasa. Mijinta kafintan jirage ne, mutumin kirki, ba ya magana. Ban sani ba ko da can haka yake, ko kuwa bai taɓa samun inda zai sa baki ba ne. Ta haifa masa tara, ta binne biyu. Sana'armu ɗaya ni da ita: in jirage sun dawo mu kankare kifi, mu farke ciki, mu wanke, mu kai rumfar hayaƙi mu shanya a kan raga.

A bakin ruwan akwai wani falalen dutse mai faɗi, ɗan gangare gare shi, yana zubar da ruwan wanki da kansa, inuwar bishiyar kuma tana kansa har la'asar. Uwar mijina ce ke aiki a kai tun kafin a haife mu, da ƙarfinta ya ƙare ta ce nawa ne. Na je haihuwar fari, na yi wata biyu a gida. Da na dawo sai na tarar da wannan doguwar ta shimfiɗa buhunta a kai, ta jera wuƙaƙenta, tana 'yar waƙa.

Na ce, “Baiwar Allah, kin yi ɓatan kai. Wurin nan da mai shi.”

Ta ce, “Na duba ban ga an rubuta suna ba.”

“Kin iya karatu ne?”

“A'a. Ke fa?”

A lokacin ni ma ban iya ba, shi ya sa maganar ta yi mini zafi. Akwai filafili a jingine da wani jirgi. Ban tsaya shawara da kowa ba, na ɗauka na sauke mata a gwiwar hagu, na ji ta ce ƙas. Ita kuma tana faɗuwa ta cafko zanena ta wurga ni, kafaɗata ta dama ta sami gefen jirgi. Aka kwashe mu a kura ɗaya zuwa wurin mai ɗori, muna kwance kai da ƙafa, muna ci gaba da zagin iyayen juna. Ta warke da ɗingishi. Na warke da kafaɗa mai tsami. Dutsen kuwa aka bar mata, wai ita ta fi jin ciwo. Tun ranar nake kiranta Ɗingisa, ita kuma tana kirana Ƙaya, wai na maƙale mata a wuya. Na koma kan wani ɗan kututture da ke gefe, taku huɗu tsakaninmu, kuma nan na tsufa.

Yanzu ku kasa kunne, ku 'ya'yanta, musamman masu cewa uwarsu tana karanta sama kamar allo.

Shekara uku bayan faɗan nan ta fara cewa maza, “Yau kada ku fita.” Aka yi mata dariya sau ɗaya, sau biyu, jirgi biyu suka kife. Daga nan aka daina dariya, aka rataya ƙarfe. Kowace safiya sai ta miƙe a kan dutsena, ta kare goshi da hannun dama, ta zuba wa duwatsu ido, maza sun yi cirko-cirko suna jira kamar a gaban alƙali. Kowa sama yake kallo tare da ita. Ni kaɗai ce ke zaune ƙasa, taku huɗu, ina ganin ɗaya hannun a cikin zane yana murza gwiwa. Babu wata baiwa, jama'a. Ƙashin da na fasa ne yake mata zugi in iskar nan tana hanya, tun kafin gari ya waye. Kallon saman duk ado ne. Duk wanda ya tsira a tafkin nan albarkacin ƙarfen, ni ya kamata ya kawo wa gaisuwa, don ni na yi aikin, da hannuna, bugu ɗaya.

Na faɗa sau ɗaya a rumfar hayaƙi. Matan suka ce, “Ƙaya, hassada za ta kashe ki.” Na ja bakina.

Ba zan ce ba ta da alheri ba, kada a ce tsufa ya sa na fara ƙarya. Tukunyarta ba ta san murfi ba. Duk matar da ruwa ya ɗauke wa miji, Inna ce ke fara shiga gidan, ita ce ke ƙarshen fita. Ta raini 'ya'yan wasu sun kai goma, ban da nata. Sai dai ba ta taɓa ba ka loma ta bar ka ka haɗiye a ɓoye ba. Za ta tsaya a tsakiyar hanya ta ɗaga wannan muryar: “Wance, abincin jiya ya ishe ku kuwa, ko in ƙaro?” Har kurma ya san wa ya kwana da yunwa a garin nan. Jikokinta arba'in da uku, ta san sunan kowa, ta kuma san wanda ya yi fitsarin kwance har ya girma, tana tuna masa a gaban matarsa. Surukanta mata kuwa, waɗanda suka fi kowa kuka ranar da ta rasu, na ga yadda suke sauke ajiyar zuciya in ta bar musu gida. Duk da haka gari ya ɗauke ta uwa. In ta ce zauna, ƙato mai gemu sai ya zauna a ƙasa.

Da mijinta ya rasu ba ta yi kwana goma a ɗaki ba ta dawo kan dutse. Na ce mata, “Bawan Allah ya huta.” Ta ce, “Naki ma yana hanya, na ga yadda yake kallon maƙabarta da sha'awa.” Ba a yi shekara biyu ba nawa mijin ya bi shi. Bakinta ba kyau.

Sai 'ya'ya suka girma, suka yi arziki, nan masifa ta shigo. Na ukunsu, wanda ake kira Injiniya, yana babban birni. Ya zo ya ga uwarsa tana jan ƙafa, tana cije leɓe in za ta tashi, ya ce ba zai yiwu ba, yana raye uwarsa tana wahala. Ta ce a bar ta. Suka taru su bakwai, wannan na kuka, wancan na roƙo, suka sa ta a mota. Da a ce ta buɗe baki ta ce, “Ku bar mini gwiwata, da ita nake jin iska,” da magana ta ƙare. Amma sai ta zama tsohuwa mai ciwon ƙafa kawai, ba mai baiwa ba. Ta zaɓi ta yi shiru. A can likitoci suka yanke tsohuwar gwiwar suka jefar, suka sa mata ta ƙarfe da roba. Bayan wata huɗu ta dawo tana takawa ɗaiɗai kamar budurwa, gari ya fito tarya, ana ta sa wa Injiniya albarka.

Na dube ta, na ce, “Ɗingisa, ina ɗingishin?”

Ta ce, “Na bar miki shi gado, je ki karɓo.”

Amma ba ta kalle ni cikin ido ba.

Watannin iska suka zo. Ta miƙe a kan dutse, ta kare goshi, hannun hagu ya shiga zane yana lalube, ya murza, ya sake murzawa. Gwiwar ƙarfe ba ta zugi. Na gani. Kwana tara tana cewa a fita, kwana tara ana dawowa lafiya, har na fara cewa a raina ko dai akwai baiwar ne da gaske. Rana ta goma ta dubi duwatsu ta daɗe, ta ce, “Ku tafi.” Suka tafi. Jirgi uku suka kife. Mutum biyu ba su dawo ba. Ɗaya a cikinsu ɗana ne na fari, wanda na je haihuwarsa ta ƙwace mini dutse. Sai bayan kwana biyu ruwa ya kawo shi cikin ciyayi.

Mutanen gari suka ce ƙaddara ce, wa ya taɓa yin shekara arba'in bai yi kuskure ba. Har ita aka riƙa ba haƙuri. Ni ma ina da nawa laifin, na ga hannun nan yana lalube ban tashi na yi ihu ba. Wannan tsakanina da Ubangijina ne, ba na littafinku ba ne. Wata guda tana aiko mini da abinci, wata guda ina juye wa kaji, ina mayar da kwanon ba wanki.

Da na koma kan kututturena na zaci za ta ajiye gudumar buga ƙarfen. Ina. Sai ma wani sabon hali da ta ɓullo da shi. Da can sai rana ta ɗaga muke fara zagi, bayan jirage sun tafi. Yanzu tun da sassafe, kafin ta hau dutse, sai ta tsaya a kaina ta ƙare mini kallo.

“Ƙaya, kin kwana? Na zaci yau za a huta.”

“Ina nan sai na ga bayanki.”

Sannan ta hau, ta yi kallon samanta, ta yanke hukunci. Abin mamaki kuma, ba ta ƙara kuskure ba. Shekara ɗaya, shekara biyu. Duk ranar da ta buga, iska sai ta zo. Na rasa gane kan abin, har barci ya fara gagarata. Gwiwar roba ta koyi magana ne?

Ita kafaɗar nan tawa ta daɗe tana damuna, ban taɓa ba ta muhimmanci ba. In na ɗauki kaya ta yi ciwo, in na kwanta a kanta ta yi ciwo. Akwai kuma wani ciwon daban, mai shiga can cikin ƙashi ya sauka har ƙaramin yatsa, ranar ba na iya ɗaga hannu sama in ɗaura ɗankwali, sai dai in yafa shi a ka in fito. Na lura yakan zo ranar da ake buga ƙarfe, amma wallahi shekara da shekaru ina cewa tsanar ƙarar ce take shigar mini jiki. Ita ce ta gano. Ta fi marigayi maigidana sanin jikina, don shi kallon ƙauna yake mini, ido rabi a rufe, ita kuwa kallon ƙiyayya, ba ta ko ƙiftawa. Ranar da ɗana ya tafi, ɗankwalina a yafe yake. Ni ban tuna ba. Ita ta tuna.

Wata safiya na kama idonta. Tana zagina, amma ba fuskata take kallo ba, kaina take kallo. Na ce to. Washegari na tashi garau, kafaɗa kamar ta yarinya, na ɗauki ɗankwali na yafa, na fito ina ɗan nishi. Ta zo, ta duba, ta hau dutse, ta kare goshi, ta sauko ta buga sau uku. Jirgi talatin suka wuni a kan yashi. Rana ta fito ta faɗi, ko tsuntsu bai ji iska ba. Maza suna ta gunaguni ƙasa-ƙasa. Da la'asar, da wurin ya watse, na ɗaga hannuwana biyu a gabanta, na ɗaura ɗankwalina, na gyara shi a hankali, har da ɗan karkatawa.

Ta daɗe tana kallona. Ta ce, “Tsohuwar banza. Gida talatin kika hana abinci yau.”

Na ce, “Ni na buga?”



“Ɓarauniya,” na ce. “Kin sace mini dutse, kin kashe mini ɗa, yanzu kuma ciwona kike sata kina cin suna da shi.”

Ta zauna a bakin dutsen, ta miƙe wannan ƙafar ta roba. Da ta yi magana, muryar ta sauka, ban ma san tana da ƙaramar murya ba.

“Na ɗanki ban da abin cewa. Ko kin yanka ni ban da abin cewa.” Ta share hanci da bakin zane. Sai kuma muryar ta dawo. “Amma tashi ki faɗa musu. Gobe ki hau nan ki ce, maza, ku zauna gida, kafaɗar Ƙaya na ciwo. Ke da babu wanda ba ki zagi uwarsa ba a bakin ruwan nan. Su yi dariya har su faɗi, su tura jirage, da autanki a ciki. Ni suke ji. Ke kike jin iska. Ki zaɓa.”

Na so in ce ƙarya take. Na juya maganar ta kowane gefe ban sami inda ta ɓule ba.

Na ce, “To a ba ni dutsena.”

Ta ce, “Sai dai in na mutu.”

“Allah ya kawo ranar.”

“Amin, bayan taki.”

Haka muka yi shekara goma sha huɗu. Ban ƙara yafa ɗankwali a kan ƙarya ba, ita kuma ba ta ƙara buga ƙarfe ko barinsa ba sai ta dubi kaina. Ba mu sake tada maganar ba ko sau ɗaya. Kada wani ya rubuta cewa mun shirya, ba mu shirya ba. Ban taɓa shiga ɗakinta ba, ba ta taɓa shan ruwan gidana ba. Ana yi mata kirari a bakin ruwa, ana kawo mata kifi mafi girma, ni ina kan kututture da hannu a maƙale kamar kaza mai karyayyen fiffike, ba mai cewa sannu.

A shekararta ta ƙarshe ƙafafun suka ƙi gaba ɗaya, har ta robar. Babbar 'yarta, wadda ta yi koyarwa har ta yi ritaya, kowa na kiranta Malama, ita ta dawo gidan tana jinyarta. Kowace safiya sai Malama ta sauko bakin ruwa, ta gaishe ni a tsaitsaye, ta koma. Can sai ta sake fitowa, ko ta buga ƙarfe ko ta ce a fita, wai Inna ta leƙa sama ta taga. Tagar da ke kallon bangon maƙwabta.

Ta rasu ana saura kaɗan watannin iska su shigo, tana da shekara tamanin da takwas a ƙidayar 'ya'yanta, casa'in da ɗaya a tawa, don ta daɗe tana rage wa kanta. Gari ya cika, har daga tsallake an zo. Na je, na zauna a bakin ƙofa. A nan na ji an gama shawara: baiwar a jini take, Malama ce za ta riƙe guduma, ai shekara guda tana koyo a wurin uwarta. Na ja ta gefe, na ce, “'Yar nan, zo ki ji. Uwarki ba sama take karantawa ba, gwiwarta ce…” Ba ta bari na kai ƙarshe ba.

Ta ce, “Gwaggo, ko ƙasar kabarinta ba ta bushe ba. Ki ji tsoron Allah.” Ta fizge hannunta ta shige.

Mako uku Malama tana hawa dutse tana kare goshi. Har tsayuwar ta kwaikwaya. Mako uku ina ɗaura ɗankwali, tana cewa a fita, ana cewa ka ga jini. Sai wata ranar Talata na farka tun kafin gari ya yi haske, ciwon ya sauka har ƙaramin yatsa, irin wanda ban ji ba tun ranar ɗana. Na yafa ɗankwali na fito ina jan ƙafa.

Sama tas, ko ɗigon gajimare babu. Malama tana kan dutse, ta riga ta ce a fita, maza suna jan jirage zuwa ruwa.

Na ce, “Malama, buga ƙarfen nan.”

Ta ce, “Gwaggo, dubi sama mana.”

“Na dube ta shekara tamanin, ba ta taɓa gaya mini komai ba. Buga.”

Ta kau da kai. Na je na ɗauki gudumar da kaina. Ga abin haushin: ranar da ake buƙatar bugun, ranar ce hannun ba ya ɗaguwa. Na gwada da hagu, ƙarfen ya yi 'yar ƙara kamar cokali ya taɓa kwano. Wani daga cikin masuntan ya ce, “Iya Ƙaya ta karɓi mulki.” Aka kwashe da dariya, daidai yadda Ɗingisa ta ce za a yi. Ko a kabari sai da ta yi gaskiya, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Na yar da gudumar. Na taka cikin ruwa har gwiwa, na kama gefen jirgin autana, na mirgina ciki kamar buhu, na zauna a kan ragarsa.

Ya ce, “Iya, don Allah sauka, kina ba ni kunya.”

Na ce, “Na ga duwawunka tun ba ka san kunya ba. Tura. In za a kife a kife da ni, na gaji da jira a bakin ruwa ana kawo mini.”

Dariyar ta ragu. Ya tsaya da igiya a hannu, bai san yadda zai yi da ni ba. Daga cikin jirgin na ɗaga murya.

“Malama. Shekara guda uwarki tana aiko ki ki gaishe ni kowace safiya. Ni da ita, gaisuwa? In kin koma me take tambayarki?”

Ta buɗe baki za ta ba ni amsar malamai, sai ta tsaya. Na ga abin yana shigarta a hankali.

“Faɗa mana,” na ce. “Da ƙarfi, ajin yana da girma.”

Ba ta faɗa da ƙarfi ba, amma ni na ji. Ta ce, “Takan ce… Ƙaya ta ɗaura, ko ta yafa? Na ɗauka tsokana ce irin taku.”

“To yau fa?”

Ta dubi kaina. Ta dubi samanta mai tsabta. Ta dubi mazan da ke jiran ta kore ni. Zan faɗi gaskiya a kan yarinyar nan, duk da ta haura sittin: ta fi uwarta. Uwarta da ta zo wannan gaɓar, girmanta ta zaɓa. Malama ta sauko daga dutse, ta ɗauki guduma daga cikin yashi, ta buga sau uku, kowane bugu sai da sarƙar ta girgiza.

Maza suka ja jirage suka fitar suna ƙunƙuni. Autana ya ɗauke ni cak ya ajiye a kan yashi. Har rana ta take ba abin da ya motsa, ina jin ana cewa an biye wa tsohuwa mai ruɗewa. Sai can bayan azahar ruwan ya canza launi. Iskar da ta zo ranar ta yaye rufin rumfar hayaƙi ta kai shi bayan makaranta, ta karya babban reshen bishiyar, ta kifar da jirage biyu a kan yashi inda suke ajiye. Da suna tsakiyar tafki, ba littafin mutum ɗaya za ku haɗa ba.

Kun san me gari ya ce da yamma? Wai Malama ta gaji uwarta, har ta fi ta, ta ga iska a sama mai tsabta. Aka kai mata kifi.

Washegari ta zo da sassafe ta durƙusa a gaban kututturena, ta ce in yafe mata, ta ce za ta tara mutane ta faɗa musu komai. Na ce ta faɗa in tana so, ba za su ji ba, mutanen nan sun fi son baiwa da ciwon ƙashi. Ni abu ɗaya nake so. Na nuna mata da leɓe. Ta je da kanta ta kwashe buhun uwarta da tsofaffin wuƙaƙen, ta share, ta riƙe ni na hau.

Shekara sittin da uku ina jiran dutsen nan. Yana da sanyi, yana sa mini ciwon baya, inuwar ma ta tafi da reshen. Ba zan sauka ba.

To ga abin da na sani game da Inna Mai Ƙarfe, uwar gari, kakar arba'in da uku. Ta ciyar, ta raina, ta yi gori, ta tsare mazan garin nan shekara hamsin da ciwon da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, ta kuma kashe biyu da shirun da ta yi. Ku rubuta duka ko ku bar duka. Da safe har yanzu nakan juya hagu da zagi a bakina, in tarar ba kowa, in haɗiye. Ba daɗi.

Kai kuma Injiniya, tunda kai ka jawo, saurara. Na ji kana cewa za ka kai ni a duba mini kafaɗa, don ka gode mini. Ka kuskura ka kawo motar nan ƙofar gidana. Abin da za ka yi shi ne ka nemo wa masuntan nan wata hanya ta sanin iska, ko na'ura ce ko mene ne, tun ina numfashi, don kafaɗar nan tare za a binne mu, kuma ba na jin zan ga watannin iska sau uku nan gaba. In kuma ka kasa, filafilin nan yana nan a bayan ƙofata, ban taɓa yar da shi ba. Malama tana da gwiwa biyu lafiyayyu, ɗaya ta ishe ta.